Faifan Third na Soft Machine: Rok Ne Ko Jaz Ne da Kayan Lantarki?

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Faifan da nake so mu tattauna a kansa shi ne Third, kundi na uku na ƙungiyar Soft Machine ta ƙasar Ingila, wanda kamfanin CBS ya fitar a watan Yunin 1970. Ga wanda bai taɓa riƙe shi a hannu ba, faifan garmaho biyu ne a cikin kwali ɗaya, wato fuska huɗu ke nan, kuma kowace fuska kiɗa ɗaya tak ke kanta, mai tsawon minti 18 zuwa 19, ta yadda jimillarsa ta kai kimanin minti 75. Fuskar farko "Facelift" ce, wadda Hugh Hopper mai jitar bes ya tsara. Ta biyu, "Slightly All the Time", da ta huɗu, "Out-Bloody-Rageous", duk na Mike Ratledge ne mai ogan da fiyano. Ta uku kuwa, "Moon in June", ta Robert Wyatt ce, makaɗin ganga wanda kuma shi ne mawaƙin ƙungiyar. Cikon na huɗunsu shi ne Elton Dean, mai busa saksafon.

Masu sayar da faifai suna ajiye shi a layin rok, a reshen da ake kira progressive, inda ake samun kiɗe-kiɗe masu dogon zango da sassa da yawa. Amma duk wanda ya saurare shi zai lura cewa babu jitar da aka saba ji tana jan ragamar rok, kuma fuska uku cikin huɗu babu muryar mutum ko kaɗan. Ra'ayina shi ne wurin da aka ajiye shi daidai ne, rok ne, sai dai rok ɗin da ya sha jaz har ya ƙoshi. Ina so in ji ta bakin Alhaji Ɗanjuma musamman, domin na san ba zai yarda da ni ba.

Alhaji Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, Malam Habu. Ka faɗi gaskiya, ban yarda ba. Abin da ke bambanta jaz da sauran kiɗe-kiɗe shi ne a kafa jigo a taƙaice, sa'an nan a sakar wa mai busa ko mai fiyano fili ya ƙaga nasa nan take, sauran suna tallafa masa, kafin a komo kan jigon. To, wannan shi ne ginin fuska ta biyu da ta huɗu daga farko har ƙarshe. Dubi kuma mutanen da suka yi busar. Elton Dean da Nick Evans mai busa tarambon daga ƙungiyar Keith Tippett aka ɗauko su, kuma Tippett ɗan jaz ne tsantsa. A ƙarshen 1969 ma sai da Soft Machine ta zama ƙungiyar mutum bakwai, huɗu daga cikinsu mabusa ne, kafin nauyin riƙe su ya sa aka rage. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da ya fi damuna shi ne, idan muka amince jaz ne, to wajibi ne mu auna shi da mudun jaz, kuma a nan yake raguwa. A farkon wannan shekarar ta 1970 Miles Davis, Ba'amurken nan mai busa ƙahon jaz, ya fitar da Bitches Brew a ƙarƙashin Columbia, wanda shi ne uwar kamfanin da ya fitar da Third. Shi ma faifai biyu ne, shi ma da kayan lantarki, shi ma an yanka tef an ɗinka a sutudiyo. Wanda ya saurari su biyun a jere zai ji bambancin wanda aka haifa a cikin sana'a da wanda ya shigo ta da girmansa.

Sani Mai Fiyano:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ina neman izini in saka baki ta fuskar aikin hannu, domin a nan nake ganin kwatancin da Miles Davis bai zauna sosai ba. A faifan Miles, makaɗa da yawa ne, ganguna fiye da ɗaya da fiyano fiye da ɗaya, suke zaune a kan amo guda na tsawon lokaci, shi kuma yana shawagi a samansu da ƙahonsa. Abin da aka rubuta kaɗan ne, abin da aka ƙaga shi ne mai yawa. Ratledge kuwa ba haka yake gini ba. Jigoginsa dogaye ne, rubutattu, masu lanƙwasa, waɗanda ogan da saksafon suke bi tare sawu a kan sawu, kuma yana ɗora su a kan ƙirgen bugu wanda ba a saba da shi ba. Yawancin rok da yawancin jaz huɗu-huɗu ake ƙirga su, amma babban jigon "Out-Bloody-Rageous" a kan goma sha biyar yake tafiya, kuma Wyatt yana kaɗa shi a sake, ba tare da mai sauraro ya ji ana lissafi ba. Wannan son tsari da sauya ƙirge tsakanin sashe da sashe shi ne halin reshen rok da Malam Habu ya ambata.

Sa'an nan akwai maganar sautin kansa. Ogan ɗin Ratledge ƙirar Lowrey ne, ba Hammond da yawancin takwarorinsa suke amfani da shi ba, kuma sautinsa siriri ne. Domin ya yi kauri har ya iya gogayya da jitar lantarki a dandali, sai ya bi da shi ta ɗan akwatin nan mai dagula sauti da makaɗa ke kira foz. Matsalar ita ce da zarar ya ɗaga yatsunsa, lasifika sai ta ɓarke da kuka, saboda haka ya koyi kaɗawa ba tare da barin giɓi tsakanin sauti da sauti ba. Wannan shi ne asalin dogayen layukan nan nasa da ba sa numfasawa. Hopper ma ta irin wannan akwatin yake bi da jitarsa ta bes, har takan fito gaba ta ja kiɗan maimakon ta tsaya a baya. Babu ɗan jaz na wancan lokacin da ya tashi a gidajen jaz da zai nemi irin wannan ƙara. Mutanen da suka yi wasa a kulob ɗin UFO na Landan tare da Pink Floyd a 1967, suka kuma zagaya Amurka suna buɗe wa Jimi Hendrix fage a 1968, su ne za su neme ta.

Alhaji Ɗanjuma:
Sani, bayaninka a kan ogan ya gamsar da ni, kuma na ƙaru. Sai dai ƙirge maras daidaito ba mallakar rok ba ne, domin Dave Brubeck ya yi faifai sukutum a kan irinsa tun 1959, Don Ellis ma ya zarce shi a shekarun 1960. Saboda haka ko wannan ma daga gidan jaz aka aro shi.

Malam Habu:
Alhaji, ba na musun aro, amma ina so in gyara zaton da wasu za su iya ɗauka daga maganarka, cewa Third bin sawun Bitches Brew ya yi. Lissafin kwanaki bai ba da haka ba. "Facelift" da ke kan faifan an naɗe ta ne a gaban jama'a, a zauren Fairfield da ke Croydon ranar 4 ga Janairun 1970 da kuma kulob ɗin Mothers na Birmingham mako guda bayan haka, alhali faifan Miles bai fito kasuwa ba sai a ƙarshen Maris. Kafin nan ma sun riga sun kaɗa ta a gidan rediyon BBC tun tsakiyar 1969. Ragowar fuskokin uku an naɗe su a sutudiyon IBC na Landan a watannin Afrilu da Mayu, amma su ma yawancin sassansu an daɗe ana kaɗa su a dandali. Abin da ya faru shi ne mutane biyu sun taso daga gabas da yamma sun haɗu a mararraba ɗaya: Miles ya fito daga jaz yana neman ƙarfin lantarki, su kuma sun fito daga rok suna neman 'yancin jaz.

Nura:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Ni sabon shiga ne a wannan fanni, kuma na saurari kundin ne saboda wannan tattaunawa. Abu biyu suka tsaya mini. Na farko, mintunan farko na "Facelift" sun yi mini nauyi ƙwarai, domin ban ji kari ba, ban ji bugu ba, sai gurnani da ƙugin ogan kawai, har na yi zaton na'urata ce ta lalace. Na biyu, sautin kundin gaba ɗaya a dushe yake, musamman gangunan, kamar an rufe su da bargo. Tambayata ita ce, da gangan aka yi haka, ko kuwa gazawar kayan aikin zamanin ce? Domin na saurari wasu faya-fayan na 1969 da 1970 waɗanda sautinsu ya fita tas.

Sani Mai Fiyano:
Ƙanena Nura, tambayoyin naka biyu amsarsu daban-daban ce. Buɗewar "Facelift" da gangan ce. Haka Ratledge yake buɗe ta a dandali, shi kaɗai da ogan da akwatin foz, yana tara hayaniya har sai kunne ya ƙosa da neman mafita, sa'an nan mabusa su shigo, jigon ya faɗo da nauyinsa. Idan ka tsallake mintunan nan, jigon zai zo maka a matsayin kari mai daɗi kawai, ba a matsayin sauƙi bayan tsanani ba. Ka ƙara sani cewa abin da kake ji ba wasa ɗaya ba ne. An ɗauki tef na Croydon da na Birmingham an yanka an haɗa, a wasu wuraren an ɗora ɗaya a kan ɗaya, a ƙarshe kuma an juya wani sashe yana tafiya da baya, an kuma taɓa saurinsa. A wannan fuskar ce kaɗai za ka ji Lyn Dobson, mai sarewa da ƙaramin saksafon, domin ya bar ƙungiyar kafin a shiga sutudiyo.

Dushewar sauti kuwa ba zan kare ta ba. Aibi ne na gaske, kuma ba laifin zamani ba ne, kamar yadda ka lura. Ƙungiyar ce ta shirya faifan da kanta ba tare da wani gogaggen furodusa a kanta ba, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne Wyatt, domin rabin gwanintarsa a kan faranta da ƙananan bugu take, su ne kuma suka nutse. Ka nemi bugun da aka sake gyarawa a 2007, ya fi na farko haske, ko da yake abin da ba a kama a tef ba babu mai dawo da shi.

Malama Hadiza:
Assalamu alaikum. Na bi maganganunku tun daga farko, kuma na lura cewa ana ta gardama a kan fuska uku an bar ɗaya, alhali a ganina ita ce zuciyar kundin, kuma ita ce amsar tambayar Malam Habu. Ina nufin "Moon in June".

Wannan waƙa ba a 1970 aka haife ta ba. Wyatt ya fara naɗar ta shi kaɗai a Amurka a 1968, bayan an gama zagayen da aka yi da Hendrix, ƙungiyar ta watse na ɗan lokaci, shi kuma ya zauna a can. Shi ya sa a cikinta za ka ji mutumin da yake zaune a New York yana begen gida, yana kuma juya maganar da ke tsakaninsa da wata mace, ba a cikin baitoci masu amshi ba, sai dai kamar mai zancen zuci da ya samu kari. Muryarsa siririya ce, tana hawa sama har takan yi kamar za ta karye, ba ya kuma ɓoye lafazinsa na Ingila domin ya yi kama da mawaƙan Amurka, kamar yadda yawancin tsaransa suke yi. Karin waƙar ba ya komawa inda ya fito, kullum gaba yake yi, daga wannan sashe zuwa wancan, na tsawon kusan rabin fuskar. Har ma lokacin da suka kaɗa ta a BBC a 1969, sai ya sauya kalmomin ya mayar da su a kan zaman da suke yi a cikin sutudiyon gidan rediyon a wannan ranar. Ashe ke nan abin da Elton Dean yake yi da saksafon, shi ma Wyatt yana yin sa da harshe.

Abin da ya sa nake cewa ita ce zuciyar kundin shi ne yadda aka naɗe ta. A sashen farko mai tsawo, Wyatt ne ya kaɗa kusan komai da kansa, ganga da ogan da fiyano da bes, yana ɗora sauti a kan sauti. Ratledge da Hopper ba su shigo ba sai a sashe na biyu, inda murya ta ja baya aka koma kiɗa zalla. Elton Dean kuwa ko sau ɗaya bai busa a cikinta ba. An sha ruwaito cewa sauran ba su da sha'awar waƙar, kuma ko ba a ruwaito ba, tsarin naɗin ya isa shaida. Mutum yana cikin ƙungiyar da ya kafa da hannunsa, amma sai da ya zama ƙungiyar kansa kafin waƙarsa ta samu shiga. A ƙarshenta, inda gogen Rab Spall yake kuka a kan amo ɗaya da aka ja, muryar Wyatt tana can ƙasa tana ɗan rera wasu 'yan kalmomi da ƙyar ake jin su. Daga wannan ba a sake rera baiti a kundin sutudiyo na ƙungiyar ba a duk tsawon shekarun 1970. Fourth da ya biyo baya a 1971 kiɗa ne zalla, kuma a cikin wannan shekarar Wyatt ya bar ƙungiyar.

Saboda haka, Alhaji, idan ka ce Third jaz ne, ka faɗi inda sauran mutum ukun, Ratledge da Hopper da Dean, suka dosa. Malam Habu kuma, idan ka ce rok ne, ka faɗi inda suka fito su duka. Ni abin da nake ji a cikinsa shi ne ƙungiya ɗaya da ake ja ta fuska biyu, kuma igiyar ba ta tsinke ba tukuna. Wannan jan shi ne ya ba kundin ƙarfinsa.

Alhaji Ɗanjuma:
Malama Hadiza, Allah ya yi miki albarka, kin yi magana mai nauyi. Amma bari in tsaya wa mutum ukun nan kaɗan, domin labarin yakan zo kamar su ne azzalumai shi kuma wanda aka zalunta. Ratledge da Hopper da Dean ba su ƙi waƙa don ƙeta ba. Sun ga cewa abin da suke iya yi da kyau, wanda babu wata ƙungiyar rok a Ingila da take yin irinsa, shi ne dogon kiɗan da aka tsara aka kuma bar wa mabusa fili a ciki. Ki saurari sashen ƙarshe na "Slightly All the Time", inda kiɗan ya lafa, Dean ya ɗauki ƙaramin saksafon ɗinsa mai lanƙwasasshen baki yana busa a hankali a kan ogan. Duk da abin da na faɗa a baya game da mudun jaz, wannan wurin ba ya jin kunyar kowa. Babu kalmar da za a ɗora a kansa ta ƙara masa wani abu. Haka kuma sarewar Jimmy Hastings a tsakiyar fuskar, inda bugun ya yi sauri. Mutanen da suke da irin wannan a hannunsu suna da hujjar su bi shi har ƙarshensa.

Malama Hadiza:
Ban kira su azzalumai ba, Alhaji, kuma wurin da ka ambata ni ma ina ƙaunarsa. Tambayata ita ce me aka samu da aka bi shi har ƙarshen. Bayan Wyatt, Dean ya tafi a 1972, Hopper a 1973, Ratledge kansa a 1976, har aka wayi gari babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar a 1966. Faya-fayan da suka biyo baya akwai gwaninta a cikinsu, sautinsu ma ya fi na Third tsabta nesa ba kusa ba, amma sun zama ɗaya daga cikin ƙungiyoyi masu yawa da suke haɗa jaz da rok a shekarun nan. Third kuwa ba shi da na biyu. Ko gangar Wyatt a fuskokin da ba ya waƙa, ganga ce ta mawaƙi, tana bin karin tana amsa masa, ba tsare ƙirge kawai take yi ba.

Isufu Damagaram:
Salamu alaikum. Ina goyon bayan Malama a kan darajar fuska ta uku, amma ina so mu yi hattara da wani abu game da kunnenmu. Mu mun tashi a cikin al'adar da mawaƙi ne gaba, makaɗa da 'yan amshi suna biye, kuma abin da muke ɗauka mu tafi da shi gida shi ne abin da aka faɗa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan fuskar da take da murya ita ce ta fara kama mu, ko da ba ma jin duk abin da ake faɗa. Wannan ba hujja ba ce cewa ita ce mafi kyau. A Faransa, inda ƙungiyar ta samu karɓuwa tun 1967 fiye da yadda ta samu a gida a lokacin, dogon kiɗan nasu ne ya tara musu jama'a.

Ni fuskar da na fi komawa gare ta ita ce ta huɗu. Tana buɗewa da zaren tef da aka haɗa bakinsa da wutsiyarsa yana ta zagayawa, an ɗora wasu a kan wasu, wasu da sauri wasu da baya, na kusan minti biyar kafin fiyano da bes su shigo. Wannan dabarar ba daga rok take ba, ba kuma daga jaz ba. Daga Terry Riley take, Ba'amurken nan mai tsara kiɗa a kan maimaici, wanda Daevid Allen, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar, ya yi hulɗa da shi a Paris tun farkon shekarun 1960. Ke nan akwai igiya ta uku da ba a ambata ba, kuma gardamar rok da jaz ba ta ɗauke ta.

Malam Habu:
Malam Isufu, ka kawo abin da ya kamata a ce an fara da shi. Wannan igiyar ta uku ita ce ta kai su zauren Royal Albert a watan Agustan 1970, inda suka zama ƙungiyar rok ta farko da ta yi wasa a bikin Proms, wanda aka san shi da kiɗan gargajiyar Turai na manyan ƙungiyoyin goge. Naɗin wannan daren yana cikin bugun 2007 da Sani ya ambata, a faifai na daban. Abin lura, Malama Hadiza, "Moon in June" ba ta cikin abin da suka kaɗa a daren, wata biyu kacal bayan fitowar kundin. Kuma duk da nauyinsa, kundin ya kai mataki na 18 a jerin faya-fayan da aka fi saye a Birtaniya, wanda ke nuna irin kunnen da matasan wancan lokacin suke da shi.

Nura:
Na gode Yaya Sani, na sake sauraron fuskar farko ba tare da tsallake komai ba, kuma shigowar jigon ta zo mini daban. Har yanzu dai fuska ta biyu ce ta fi kwanta mini. Ina da ƙarin tambaya ga Malama: me ya faru da Wyatt bayan ya tafi, kuma shin ya ci gaba da irin salon fuska ta uku?

Malama Hadiza:
Ya ci gaba, Nura, ta hanya mai wuya. Da farko ya kafa ƙungiyar Matching Mole, suka yi kundi biyu a 1972. A watan Yunin 1973 ya faɗo daga tagar bene a Landan, ya karya ƙashin baya, ƙafafunsa suka shanye, wanda ya kawo ƙarshen kaɗa cikakkiyar ganga a gare shi. A 1974 ya fitar da Rock Bottom, wanda Nick Mason na Pink Floyd ya shirya masa, kuma a can za ka ji abin da ya fara a "Moon in June" ya nuna sosai: murya, da ogan mai ja, da waƙar da ba ta komawa baya. Hopper ma ya kaɗa masa bes a ciki, wanda ke nuna cewa saɓanin na aiki ne, zumunci bai yanke ba.

Ga Alhaji kuma, jaz bai bar Wyatt ba ko da ya koma waƙa. Mai busa ƙaho a wannan kundin shi ne Mongezi Feza, ɗan Afirka ta Kudu, ɗaya daga 'yan ƙungiyar Blue Notes da suka bar ƙasarsu a 1964 saboda mulkin wariyar launin fata bai yarda baƙi da farare su yi wasa tare ba, suka ƙare a Landan. Waɗannan baƙin sun yi tasiri ƙwarai a kan jaz na birnin, kuma Elton Dean ma ya yi aiki da su, domin Feza da Louis Moholo mai ganga suna cikin ƙungiyarsa ta Ninesense a tsakiyar shekarun 1970.

Alhaji Ɗanjuma:
Wannan gaskiya ne, kuma ya ƙarfafa maganata ta wata fuskar: duk inda mutanen nan huɗu suka nufa bayan rabuwa, a cikin 'yan jaz suka samu abokan aiki. Na karɓi maganar Malama cewa jan da ake yi a cikin ƙungiyar shi ne ya ba kundin abin da na bayansa ba su da shi. Abin da ban karɓa ba shi ne a ce Fourth koma-baya ne. "Teeth" da ke buɗe shi ta fi duk abin da Ratledge ya rubuta a Third tsari da ƙarfin gini, kuma Wyatt ne a kan ganga, yana kaɗawa da kyau duk da ransa ba ya wurin. Nura, idan fuska ta biyu ce ta kwanta maka, to Fourth ne ya kamata ka nema kafin Rock Bottom.

Sani Mai Fiyano:
Baba Alhaji, a kan "Teeth" ina tare da kai ta fuskar rubutu, domin ta fi wuyar kaɗawa kuma mabusan sun fi yawa, har da Mark Charig da Alan Skidmore, ga kuma Roy Babbington da babbar bes ta katako. Sai dai a can foz ya ragu, ɗanyen sautin dandali ya ragu, kuma minti tara ce, ba fuska guda ba. Tsawon nan na Third ba ado ba ne. Fuskar faifan garmaho tana ɗaukar kimanin minti 20, su kuma suka mayar da wannan iyakar ta zama ma'aunin kowane kiɗa, ta yadda kowane mai tsarawa ya samu filinsa cikakke, Ratledge biyu, Hopper ɗaya, Wyatt ɗaya. Nura, shawarata ita ce kada ka saurare shi a zama ɗaya kamar yadda waya take jero shi. Ka ɗauki fuska ɗaya, ka tsaya, kamar yadda mai garmaho yake tashi ya juya faifai. Ka fara da ta biyu tunda ita ka fi so, sai ta huɗu, sai ta uku, ka bar "Facelift" a ƙarshe, kuma a karo na gaba ka sa kunne a kan bes ɗin Hopper kaɗai daga farkon fuska ta biyu, domin shi ne yake riƙe da ƙirgen yayin da saura suke yawo.